Inna Ƙara-masa da Injin Akori-kura

Duk leburan da ya taɓa ɗaukar bulo a sababbin gine-ginen bayan gari ya san Inna Ƙara-masa. Bakinta ne ya ja mata sunan. Tana tsaye a gindin mota, mai taya ta aiki na zuba abinci daga manyan kuloli, ita kuwa idonta na kan kwanon mai saye, kafin ya miƙo hannu sai ka ji ta ce a ƙara masa. Ba ta yi kuɗi ba, yo ina za ta yi da irin wannan hannu? Amma ta ilimantar da 'ya'ya, ta sake wa gida rufi, kuma ba a taɓa jin wanda ya tashi daga gabanta da sauran yunwa ba.

Motar da ke kai kulolin akori-kura ce fara, ko kuma a ce ta taɓa yin fari. Ta mijinta ce, wanda kowa ke kira Direba, don tun yana saurayi bai san wata sana'a ba sai sitiyari. Shi ya koya wa Inna tuƙi a filin ƙwallon makaranta, tana kashe mota yana salati. Tuƙi kam ya sakar mata, amma bonet bai yarda ta ko ɗaga ba. Kowane ƙarshen mako zai fito da akwatin sifanoninsa da tsumma a kafaɗa, ya duƙufa kan inji har rana ta yi tsaka. Inna takan ce da zai riƙa goge fuskarsa yadda yake goge injin nan, da tuni ya koma ɗan saurayi.

Sai ga shi wata safiya ya faɗi a bakin famfo. Da aka sallamo shi daga asibiti, hannun dama ya shanye, ƙafa sai ja, magana kuma ta yi nauyi, sai ya yi ta kokawa da kalma ɗaya kafin ta fito. Likita ya ce lallai ya riƙa fitowa yana takawa, in ba haka ba jikin zai kwanta gaba ɗaya. Direba ya ƙi. Mutumin da ba ya iya zama wuri ɗaya ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya, ba ya son kowa ya gan shi a haka. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta kira abokansa na tasha, duk a banza. Abin ya ci mata rai ƙwarai, don tana kallo mijinta na ƙarewa a kan katifa.

Babban ɗansu, wanda take kira Babba, ya zo daga garin da yake aiki da shawara, kuma ba ta mugunta ba ce. Ya ce tsohuwar mota sai da mai kula da ita, yanzu kuwa babu, gara a sayar tun tana da daraja, Inna ta riƙa ɗaukar shatar mota. Aka tambayi Direba, ya ce a sayar, bai ko juyo ba. Wannan "a sayar" ɗin ita ta fi tsorata Inna, ta san ba motar kaɗai yake nufi ba. Ta ce wa Babba ya ba ta lokaci tukuna.

Ranar hutunta ta ja motar zuwa tsakar gida, daidai tagar ɗakinsa, ta ɗaga bonet a karo na farko a rayuwarta. Ta sha ganin yana zaro wata doguwar sanda siririya yana dubawa, ita ma ta zaro. Man da ke jikinta bai kai can sama ba. A wurin Inna kuwa, duk abin da bai cika ya batse ba yunwa yake ji. Ta ɗauko galan ɗin baƙin mai da Direba ya ajiye a bayan ƙofa, ta buɗe murfi, ta juye shi tas, har da girgiza galan ɗin kada a bar saura. Ta goge hannu tana jin daɗin kanta, ta shiga ta tayar.

Injin ya kama da wata irin shaƙaƙƙiyar murya, bututun salansa ya turnuƙe gidan da hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, kaji suka watse. Inna na riƙe da sitiyari ta rasa abin yi, sai ta ji ana dukan ƙyauren ɗaki. Ta waiga, ga Direba tsaye a bakin ƙofa, ya jingina da bango, yana haki, hannun hagu na yi mata alamar ta murɗa makulli.

"Kashe," in ji shi. Da ta kashe, ya dubi galan ɗin da ke yashe a ƙasa, ya dube ta. "Duka?"

"To Malam, na ga kamar bai ishe ta ba."

Kafaɗunsa suka fara rawa, ta zaci kuka zai yi, ashe dariya ce, irin wadda rabon gidan da ita tun kafin asibiti. Ya nuna kujera, ta kawo masa da sauri ta ajiye a gefen mota.

A ranar Inna ta shimfiɗa kwali ta shiga ƙarƙashin mota da tsohuwar roba, ta kwance notin da ya kwatanta mata, ta tsiyaye abin da ta zuba. Ba ƙaramin nauyi aikin ya yi mata ba, ita da ba ta taɓa rage wa kowa abin da ta zuba masa ba. Ya nuna mata zane biyu a jikin sandar, ya sa ta goge ta, ta mayar, ta sake zarowa. Ya ce mai ya tsaya tsakaninsu, kada ya gaza na ƙasa, kada ya haura na sama.

Daga nan makaranta ta buɗe, kuma malamin bai da sauƙi. Inda baki ya gaza, sai ya ƙwanƙwasa sifana a ƙafar kujera. Ta koyi cewa ba a awon mai sai mota na tsaye a wuri mai daidai, kuma ba a buɗe murfin lagireto, wato tankin ruwan inji, inji na da zafi, in dai mutum na son fuskarsa. Ta koyi kankare farin garin da ke taruwa a kan batir, da danna fambel, bel ɗin da ke juya fankar inji, da yatsa don jin ko ya saki, da kaɗe ƙurar filtar iska. Filtar mai ce ta fi ba ta wuya. Sai an shafa wa zoben robar da ke bakin sabuwar filtar ɗan mai, a tabbata robar tsohuwar ba ta manne a jikin inji ba, sannan a ɗaure da hannu kawai, ita kuwa hannunta ya saba da tuƙa tukunyar mutum ɗari, kullum sai ya ƙwanƙwasa mata kujera ta sassauta. Da farko ita ke kai masa kujerar. Daga baya ya ce ba ya hangen inji daga zaune, ya riƙa dafa mota yana zagayawa, yana mita cewa ta bar tsumma a inda bai kamata ba. Inna ta ƙyale shi ya yi ta mitar, wani lokacin ma da gangan take barin tsumman can gefe.

Babba bai san duk wannan ba, don Inna ba mai dogon bayani a waya ba ce. Da ya ga lokacin da ta roƙa ya wuce, ya iso wata safiya tare da dillalin motoci. Suka tarar da bonet a ɗage, ƙafafun mutum sun leƙo daga ƙarƙashin mota, Direba kuma na tsaye da ƙafarsa, sanye da wankakkiyar riga, yana riƙe da mazurari. Babba ya tsaya turus, ya ma manta da gaisuwa.

Dillalin bai lura da komai ba, aikinsa ya sa a gaba. Ya leƙa inji, ya shafa kan batir, ya danna fambel, ya duba ko'ina bai ga ɗigon mai ba. Ya ce gaskiya an riƙe motar nan da amana, ya tambayi wane makanike ne ke duba musu ita, don shi ma yana nema.

Inna na kwance a ƙasa da sifana a hannu, tana shirin ɗaure noti, ta ji shiru ya yi tsawo. Ta san Direba yana tattara kalmomin ne, ta kuma san yadda yake jin kunyar magana a gaban baƙo. Ta yi niyyar amsawa a madadinsa, sai ta danne bakinta.

"Uwar yaran nan ce," in ji Direba, a hankali, kalma bayan kalma, babu wadda ta karye. "Ni na koya mata. Motar kuma ba ta sayarwa ba ce, muna aiki da ita."

Inna ta ji wani alfahari ya cika mata ƙirji, da shi da ita kanta duka. Hawaye ya gangara ta gefen ido ya shige mata kunne, ba ta da hannun sharewa, duk baƙin mai ne. Ta bari sai da muryarta ta daidaita, sannan ta ce wa Babba in ya gama tsayuwar, ya tuɓe wannan farar rigar ya zo ya karɓi robar tsohon man nan, babansa zai nuna masa inda ake juyewa.