Ranar da Babana Ya Zauna Shi Kaɗai

Wata Talata, a kakar shekarar da aka samu 'yancin kai, na fara ganin yadda manya ke fushi ba tare da ɗaga murya ba. Ina 'yar shekara bakwai, Inna ta ɗora mini ƙwaryar kunun tsamiya in kai wa babana a kasuwar auduga ta ƙauyenmu, kan hanyar Malumfashi. Na tarar malamin awo ya ce audugar bana duk lamba biyu ce, wai da datti, alhali sai da yatsunmu suka yi tsami wajen tsince ta. Manoma suka fice daga layi. Kowa ya ja buhunsa gindin ɗorawa ya hau ya zauna, 'yan coci da 'yan masallaci, ana ɓarar gyaɗa ana hira kamar an zo suna. Babana Dauda da amininsa Malam Sule kafaɗa da kafaɗa suka zauna. Kafin la'asar malamin awo ya gaji da kallon sikelinsa, ya sake dubawa, auduga ta koma lamba ɗaya.

Bayan 'yan shekaru siyasa ta raba garin biyu. Samari suka ce zama aikin tsofaffi ne, su waƙar zambo suka iya, da jifa. Babana na wannan jam'iyya, Malam Sule na waccan. Da 'yan doka suka kama ƙanen Malam Sule, sai aka raɗa wa Malam wai da sanin babana, alhali ƙarya ce. Suka daina ko gaisawa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, domin ɗiyarsa Hajara ce ke yi mini kitso, tare kuma muke 'yar gala-gala a bakin rijiya.

Sai sojoji suka karɓi mulki, aka hana taro. Wata kaka, lokacin yaƙin basasa, aka sake cewa lamba biyu. Wannan karon kowa ya sunkuyar da kai ya bi layi. Babana kuwa, da taurin kan nan nasa da na gada, ya ja buhunsa ya zauna shi kaɗai. Ina tsaye da kunu, ga ɗan doka yana zagaye da kulki. Har kunya na ji, ba zan ɓoye ba, ganin mutane na wucewa suna kau da kai. Malam Sule na cikin layi, saura mutum biyu a kai kansa. Ya daɗe yana duban babana, ya ja tsaki, ya janyo buhunsa.

"Matsa mini, Dauda. Kai kullum sai ka cinye inuwa."

"Ka makara, Malam," in ji babana, yana matsawa.

Ba wanda ya biyo su. Da yamma a lamba biyun aka auna audugarsu, amma tare suka kamo hanyar gida, suna musu a kan wanda ya fi taurin kai.

Yanzu jikokina a waya suke nasu ƙorafin, ko su fita titi da kwalaye, kuma ban raina musu ba. Tsofaffin nan biyu sun daɗe da rasuwa, ina kewarsu. Har yau ban sake ganin wanda aka kayar ya koma gida da fara'a irin ta babana ba.