Ranar Da Yaya Auwalu Ya Ce Da Sauƙi

Shekara biyar ke nan da muka kai Yaya Auwalu makwancinsa. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba sai yau, duk da cewa a gidanmu da ke Koki ni aka sani da riƙe biro. Shi kansa Malam Shiru yake kirana. Yakan ce Inna ta haifi maza biyu, ta ba ɗaya baki, ta ba ɗaya littafi.

Yaya marini ne a karofin Ƙofar Mata. Shuɗin baba ya kama hannuwansa har gwiwa, ko ranar sallah ba ya fita. Shi ya riƙe karatuna tun bayan rasuwar mahaifinmu. Watanni kaɗan kafin annobar korona, wani kumburi ya fito masa a cinyar dama, can cikin tsoka, ba zafi ba ƙaiƙayi. Telansa ne ma ya fara lura, wajen gwajin wando. A asibiti aka yi hoto, aka ɗebi ɗan nama aka auna. Likita ya ce sunan abin sakoma, wani nau'in ciwon daji ne mai kama tsoka ko ƙashi, kuma in an cire shi da wuri akwai kyakkyawan fata. Ya ja mana kunne kada a kai wa wanzami ya yi sakiya, sannan aka ba mu ranar aiki.

Ni ke riƙe da takardun. Na ari tef ɗin awo a wajen telan, duk Juma'a da safe in auna cinyar in rubuta a bayan littafina na makaranta. Yaya yakan miƙe ƙafar yana tsokanata, wai in wando zan ɗinka masa in sa aljihu biyu.

Sai aka yi kulle. Asibiti ya ɗage ayyuka da yawa, domin gadaje sun yi kaɗan, ma'aikata kuma wasunsu na kwance. Suka koma kiran marasa lafiya ta waya, su tantance wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba. Kiran namu ya zo da la'asar, muna zaune a zaure. Wata likita ce, da gajiya a muryarta. Yaya ya buɗe muryar wayar don ni ma in ji.

“Malam Auwalu, yaya jikin?”

“Da sauƙi, likita, alhamdulillahi. Ku ne da sannu da ƙoƙari.”

Ta tambaya ko yana masa ciwo, ya ce a'a. Ta tambaya ko yana takawa, ya yi dariya ya ce in an bar shi zai je Ƙofar Ɗan Agundi a ƙasa ya dawo. Sannan ta tambaya ko kumburin ya ƙaru.

“Yana nan dai,” in ji shi. “A fara da waɗanda suka fi ni jin jiki.”

Littafin yana kan cinyata. A Juma'a biyar, awon ya ƙaru da inci biyu, da rubutun hannuna. Ban ce uffan ba. Yaya bai harare ni ba, bai hana ni ba. Abin da aka rene ni a kai ne ya riƙe mini harshe: ƙane ba ya gyara wa wansa zance a gaban baƙo. Likitar ta yi masa fatan alheri, ta ce za a sake kira.

Na daɗe ina juya wannan la'asar a raina. Yaya bai yi ƙarya ba. A wajenmu, mara lafiya ko yana nishi “da sauƙi” zai ce, domin kai kuka ga mutum tamkar raina ni'imar Allah ne. Likitar ma ba ta yi sakaci ba, ta yi tambayar da ta dace, sau uku ma. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a ranar ni ne na san wurin yoyon.

Da aka sassauta kulle, Yaya ya fara tari. Muka tsorata ko korona ce, gwaji ya nuna ba ita ba ce. Hoton ƙirji ne ya nuna ciwon ya riga ya kai huhu. An yi aikin, an yi ƙarin ruwan magani wata da watanni, ya kai shekara ta gaba sannan ya cika. Ban ce da na yi magana da yana raye ba. Kwana na Allah ne. Abin da na sani shi ne, an raba layi bisa amsar da aka ji, amsar kuwa ba ta cika ba.

Yau takunkumin fuska ya zama labari, mutane ma sun fara musun ko an yi annobar. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yadda muka mance da sauri. Ina jin zai yi dariya ya ce mutumin Kano ba ya ajiye jiya, kasuwar yau ta ishe shi. Zai kuma yi mamakin ganin Malam Shiru a shekarar ƙarshe ta karatun ɗaukar hoton asibiti, yana tare dattawa a karofi yana tambayarsu ko akwai mai kumburin da ba ya ciwo.

Wata annobar za ta zo, ko ba korona ba. Roƙona ga masu tsara aikin asibitoci shi ne, in an rufe ƙofofi a bar ɗaya a buɗe domin irin wannan ciwo, wanda ba ya ihu amma ba ya jira. In kuma za a tantance ta waya, kada a tsaya ga mai ciwon. A ce a ba wa wanda ke jinyarsa wayar, a tambaye shi girman abin a watan jiya da girmansa yau. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Watan da ya wuce na raka Baba Ɗanladi asibiti. Tsohon mabugi ne, shi ke buga wa Yaya shadda bayan rini, kuma wani kumburi ya fito masa a damtse. Sai da na yi mako uku ina aunawa kafin ya yarda mu je. Likita ya tambaye shi jiki, ya ce da sauƙi. Na zaro takardar awon daga aljihu. Na ce, “Likita, a gafarce ni, ba sauƙi. Yana ƙaruwa, ga awon.”

Baba ya juyo. “Kai ɗan nan, hannun naka ne ko nawa?”

“Naka ne, Baba. Ni awo kawai na yi.”

Likita ya karɓi takardar, ya duba, ya matso da ranar gwajinsa. Sakamako ya nuna sai an yi aiki.

In na auna abin da ya rage na Yaya, rininsa ya koɗe a jikin waɗanda suka saya, ramin da yake aiki wani ne a kai yanzu. Abin da bai koɗe ba shi ne zuciyar da ta ce a fara da wanda ya fi ni jin jiki. Wannan na gada, kuma ba zan yar ba. Sai dai dole a sami wanda zai faɗi gaskiyar waye ya fi wani jin jiki, ko da za a ce ba shi da kunya. Allah ya jiƙan Yaya Auwalu, ya haskaka kabarinsa.

Aikin Baba Ɗanladi ranar Talata ne. Har yanzu ba ya amsa gaisuwata, amma jiya ya aiko a tambaye ni ƙarfe nawa za mu fita.