Ɗinkin Winnie a Kwat ɗin Bartley

Attracta Gilhooly maƙwabciyata ce tun muna yara. Katangar dutse ce kawai ta raba gonarsu da tamu a ƙauyenmu da ke Sligo, a tsibirin da ke yamma da Ingila. Ba ta yi aure ba. Ta yi jinyar uwarta, ta yi ta ubanta, ta yi kiwon tumaki har gwiwa ta ƙi, sai ta koma kaji. Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakinta ya san kwat ɗin nan mai kauri, ruwan toka, da take shimfiɗawa a kan bargo ta wajen ƙafafu.

Na kawunta Bartley ne. Shi ne a jikinsa ranar da aka harbe shi a bakin gada, a 1922. Ba sojan Ingila suka harbe shi ba, su sun riga sun tattara nasu. Lokacin yaƙin basasa ne, da namu suka juya wa juna bindiga a kan yarjejeniyar da aka ƙulla da Ingila. Masu harbin 'yan ƙauyen nan ne, jikokinsu da mu suke zama a coci duk Lahadi. Kowa ya san gidan, ba mai faɗa.

Sa'ad da aka kawo gawar, ƙanwarsa Winnie, wato uwar Attracta, tana 'yar budurwa. Gidan ba su da halin zubar da kwat. Ta wanke jinin, ta zaro ulu daga kalmasar ƙasa, ta saƙe hudar harsashin zare bisa zare, sai ka shafa da yatsa kafin ka gane wurin. Ubansu ya ci gaba da sa shi zuwa kasuwar shanu har ya mutu.

Da shekara ɗari ta zagayo, ƙasa ta ɗauka. Littattafai suka yi ta fitowa, 'yan makaranta suna bin tsofaffi da tambaya. Mu ma aka kafa mana kwamiti, za a baje kayan tarihi a zauren taron coci. Shugaban shi ne Cathal Tansey, tsohon hedimasta, mutumin kirki, sai dai in ya sa abu a gaba bai san bari ba. Ina gyara wa Attracta ƙofar akurki ya iso, aka kira ni shan shayi.

Ya juya kwat ɗin a hannu, ya sake juyawa.

"Iya, ina hudar take?"

"Kai da ka koyar da rabin garin nan, ka kasa gano huda ɗaya? Sa tabarau, Malam."

Ta kama yatsansa ta ɗora a wurin. Ya shafa. Can ya ce da za ta yarda a warware ɗinkin, da yara sun ga gaskiya da idonsu. A haka, in ji shi, kwat ne kamar na kowa.

"Ai abin da uwata ta so ke nan," in ji ta. "In ka buɗe, yara za su ce wa ya yi. Ka tanadi amsa?"

"Shekara ɗari fa, Iya. Har yaushe za mu yi ta rufa-rufa?"

"Sha shayinka. Kai kuma, Dinny, burodin nan ba don kai kaɗai na gasa ba."

Na san Malam yana da gaskiyarsa. Na kuma san cewa Winnie ba ta bar hoto ba, ba ta bar zobe ba. Abin da hannunta ya bari a duniya, ban da 'ya'ya, ɗinkin nan ne da bai fi tafin jariri ba.

Abin da ya karya Attracta ba Malam ba ne, Declan ne, ɗan ƙaninta da ke Dublin, wanda zai gaji gidan. Ya bugo waya yana ta murna, wai ya karanta sunan Bartley a littafi. Ya ce kada Gwaggo ta damu, in lokaci ya yi shi da kansa zai kai kwat ɗin wurin masana su buɗe shi yadda ya kamata. Bai faɗa da mugunta ba. Amma ta gane wane lokaci yake nufi.

Wata safiya ta aiko in zo in riƙe mata kwat ɗin. Ta zauna jikin taga da ƙaramin almakashi.

"In dai sai an warware, gara hannun gida," ta ce. "Riƙe da kyau, tsoho, kana rawa kamar ɗan rago a ruwan sama."

Ta so ta zaro ulun gaba ɗaya ba tare da ya tsinke ba don ta mayar daga baya. Ulun ya tsufa, da ta ja sai ya tsinke, ta sake ja ya sake tsinkewa. Ta tara guntayen a faranti. Hudar da ta fito ƙarama ce, ko ɗan yatsana bai shiga ba. Ta daɗe tana kallonta.

"Wannan ce duka?" ta ce.

Ba ta je baje kolin ba, ni na je. An sa kwat ɗin cikin akwatin gilashi, an haska hudar da fitila. Jama'a sun taru a kansa fiye da komai. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta tambaya wa ya harbe shi. A daidai lokacin jikar wancan gidan na masu harbin tana zuba wa mutane shayi a bayan zauren. Malam ya gyara murya, ya ce lokacin yaƙi ne, ya ja yaran zuwa wurin tsofaffin tutoci. Ban gaya wa Attracta wannan ba, amma ta ji a shago.

Bayan an tashi aka maido mata da shi a nannaɗe cikin farar takarda, da godiyar kwamiti. Ta sayo ulu mafi kusa da kalar, ni na zura mata allura don idonta ba ya gani. Yatsun nata sun kumbura da sanyin ƙashi. Ta yi, ta warware, ta sake yi. Da ta gama ta ce in je bakin ƙofa in duba.

"Kana ganin ɗinkin daga nan?"

Na ce ina gani.

"To," in ji ta. Ta ture allurar gefe, ta ce in tafi da almakashin gidana, kada in dawo da shi.