Sirdin Keken Baba

A shekarun da damina ta riƙa yi mana rowa, kuɗin mota kuma ya gagari talaka, keken da Baba ya rasu ya bari shi ne ƙafata. Da shi nake kai ɗan waken da muka samu kasuwar Dawanau. Har yau hanyar nan tana zuwa mini a mafarki: burtali tsakanin gonaki, dawa ta tsaya gajeruwa, inuwar ɗorawa tana wucewa ta kaina, sarƙar keke tana 'yar ƙararta. Wani lokacin sai in ji kamar Baba ne ke tuƙi, ni ina zaune a baya kan kariya ina shaƙar turaren rigarsa.

Baba gajere ne, ni kuwa tsawon dangin Inna na ɗauko. Sirdin yana ƙasa-ƙasa yadda ya bar shi, don shi in ya haɗu da mutane ƙafa kawai yake saukewa a gaisa. Abin da uba ya daidaita da hannunsa, ina ni ina kwance shi? Haka nake tafe a takure, manoma suna tsokanata wai na ari keken ƙanena.

Gwiwar dama ce ta fara ciwo, ta hagu ta biyo sahu. Wanzami ya yi mini ƙaho, na sha shafa man kaɗanya, na gasa da ruwan zafi har fata ta yi laushi. Na zargi sanyi, na zargi yunwa. Sirdin ne kawai ban yarda in zarga ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gaida Inna. Tun ina yaro durƙusawa nake a ƙofar ɗakinta kowace safiya. Yanzu sai in dafa bango in ɗan rusuna, kunya kamar ta kashe ni.

Wata safiya tana tsince wake a faifai, ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, “Yaushe na zama maƙwabciyarka da kake gaishe ni a tsaye?”

“Inna, gwiwar ce.”

“Ai ina ganinka a kan keken nan a naɗe kamar tabarma. Ɗaga sirdin.”

“Haka Baba ya bar shi.”

Ta ci gaba da tsince wakenta. Can ta ce, “Keke ya bar maka, bai bar maka tsawonsa ba.”

Na ari sifana na kwance sirdin na ɗaga shi. Ƙarfen da ya fito daga ciki fari ne tas, tun zamanin Baba rana ba ta gan shi ba. Na daɗe ina shafa shi, idona ya cika.

Da na hau, sai ƙafata ta miƙe, duniya ta sauka ƙasa kaɗan. Na riƙa hango bayan darnin mutane, rumbuna, akuya a turke, kamar ina shawagi. Kafin a yanke dawa ciwon ya fara sakina.

Sai dai yanzu ƙafata ba ta kai ƙasa daga kan sirdi. Maƙabarta tana bakin hanya, kuma da can daga zaune nake yi wa Baba addu'a in wuce. Ran nan dole na sauka. Na jingine keken a jikin kuka, na taka har gaban kabarinsa, na gwada lanƙwasa gwiwa a hankali. Ta yarda. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya koya mini.