Mai Wasan Takobi a Tashar Kungirat

Tsakanin jirgin safe da na la'asar, ba kowa a tashar Kungirat sai Oydin mai gurasa da wata budurwa da kullum take zuwa da sandar rataye labule. Doguwa ce siririya, takalminta na hagu ya cinye ta gefe saboda jan ƙafa. Takan jingina wayarta a benci, ta kalli yadda 'yan wasan takobi suke yi, sannan ta lanƙwasa gwiwa ta kai wa iska suka.

Oydin ba ta san sunanta ba. Warin magani a rigarta ya sa take zaton a asibiti take aiki, kuma dariyar 'yan gida ce ta koro ta nan.

Yau budurwar ta tsaya cak, ta juyo wajen Oydin.

"Inna, don Allah duba mini. Hannuna ke fara fita, ko ƙafata?"

"'Yar nan, ni gurasa na sani. Babu mai koyarwa ne?"

"Sai Tashkent, kwana guda a jirgi." Ta share gumi. "Wata takwas ke nan. Ina tsoron ko kuskure nake ta haddacewa."

Ta sake kai suka sau uku. Oydin ta zuba ido iya ƙoƙarinta, amma ba ta ga komai ba sai yarinya da sanda.

"Kamar dai daidai ne," in ji ta.

Budurwar ta yi godiya a hankali. Dukkansu sun san wannan ba amsa ba ce.