Simintin da Na Shafa wa Zauren Kakanmu

Shekarar da na gama karatun gine-gine, ba a iya zama kusa da ni. Ko gaisuwa aka zo yi sai na sako maganar badala, ganuwar birni, da ake yankawa ana gina shaguna, in ce Kanawa ba su san darajar kayan tarihi ba. 'Yan gidanmu a Soron Ɗinki suka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa na ɗauka yabo ne.

Zauren gidan na ƙasa ne, rufin azara. A bangon gabas akwai wani ɗan loko mai santsi, inda kakanmu ya yi shekara da shekaru yana jingina bayansa yana ɗinkin babbar riga. Gwaggo, autarsa, ba ta wucewa sai ta shafa wurin ta yi masa addu'a.

Duk shekara kafin ruwa ya sauka akan kira wani tsohon magini ya yi yaɓe. Ni na hana. Na ce wannan wahalar ta ƙare, siminti zan sa a shafa wa bangon ta waje, ya kai har jikokinmu.

Maginin ya ce, "Malam, ƙasa fa tana numfashi. In ka toshe ta, ruwan da ya shiga ta ina zai fita?"

Na yi masa dogon bayani, rabi da Turanci. Ya saɓa buhun kayansa ya ce Allah ya sa alheri.

Aka shafa simintin, damina biyu ina jawo abokai suna gani, har hoto na ɗauka a jikin bangon. A ta uku, wata rana bayan azahar, simintin ya ɓamɓaro kamar ƙanzon tukunya. Ashe ƙasar da ke bayansa ta daɗe da zama kunu. Kafin la'asar bangon gabas ya zauna. Ba wanda ya ji ciwo, ni ne dai na rasa inda zan sa kaina.

Da bulo muka tayar da bangon, aka yi masa fenti. Yanzu teloli ne a cikin zauren da kekunansu, nakan kuma ce wa baƙi ai sana'ar kaka muka raya. Kunya ce kawai nake rufewa.

Gwaggo ba ta taɓa yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Har yau in za ta wuce sai ta miƙa hannu, ta ɗan laluba fentin tana neman lokon. Ranar da ta juyo ta gan ni ina kallonta, abin da ta ce kawai, "Injiniya, sannu da aiki."