Fuska Kafin Magana

Ƙanwata ba ta da shago. A ɗakin girkinta na Kubwa take soya cincin da dublan da alkaki, ta ɗauki hotonsu ta saka a shafinta na sada zumunta, a can ake ciniki, ɗan aike mai babur ya kai wa mai kaya kayansa. Yawancin masu saye ba su taɓa ganin ta ba, ita ma ba ta san kamanninsu ba, amma ta san wadda ke da ciki da wadda mijinta ba ya son sukari da yawa.

Ni kuwa ma'aikaciyar gwamnati ce, irin waɗanda takardarsu ke farawa da "an umarce ni in sanar da kai". Shi ya sa shafin nan nata yake tayar mini da hawan jini. Ranar Juma'a za ka ga 'yar fuska rawaya tana murmushi a gaba, sai TGIF na murnar ƙarshen mako, sai hoton alkaki yana ƙyalli, sai DM ga mai so, sai zuciyoyi da harshen wuta kamar gobara ta tashi a kasuwa. Na sha gaya mata cewa wannan ba rubutun 'yar kasuwa ba ne, zanen 'yan firamare ne. Mace da digirinta, amma ta kasa rubuta "a tuntuɓe ni" sai haruffa biyu kamar ana sayar mata da su.

Takan yi dariya har ta riƙe ciki. "Yaya, customer ba ya ganin fuskata fa. Ba dole in aika masa da wata ba? Ke da kike cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma." In ce mata karin maganar ba da fuskar roba aka yi ta ba. Ta ce to in zo in rubuta mata memo a kan cincin, mu ga wa zai saya.

Ciwon ƙoda ne ya kama ta. Da farko ƙafafu ne suka kumbura muka ce tsayuwar suya ce, har aka kai ga wankin ƙoda, daga baya aka ba ta gado. Innarmu ta taso daga gida ta tare a asibiti. Maƙwabciyarta da suka daɗe suna suya tare ta ci gaba da haɗa kayan, amma shafi sai mai shi, kuma hannun mai shi ya fara rawa, idonta ba ya jure hasken waya.

Wata ranar Laraba da na biyo daga ofis, ta miƙo mini wayar. Ta ce in riƙa saka kaya ina amsa wa mutane, amma da muryarta, kada kowa ya san tana kwance. Na ce ai gara a faɗa, a samu addu'a. Sai ta juyar da kai bango.

"Yaya, duk wanda ya shigo ɗakin nan da sannu yake shigowa. Sannu da safe, sannu da yamma, har na tsani kalmar. A shafin nan kaɗai nake da lafiya. Don Allah ki bar mini shi."

Ban sake musu ba. Na karɓi wayar.

Rubutuna na farko abin kunya ne. Na rubuta cewa muna farin cikin sanar da abokan cinikinmu akwai dublan sabon suya. Da na karanta mata sai da ta yi dariyar da ta sa ta tari. Ta ce, "Permanent secretary ce ke sayar da dublan?" Daga kan gadon ta fara koya mini. Fuska mai dariya da hawaye ta masu tsokana ce. Mai ido zuciya-zuciya ta wadda ta turo hoton yaranta ce. Idan kaya ya makara, a fara da mai haɗa hannuwa kafin a ce komai, kuma ba a tura wa dattijo harshen wuta. Wanda ya rubuta OMG don mamaki kada a amsa masa da "mun gode da yabawarka", sai ka kashe masa gwiwa. Ashe abin da nake kira zanen yara yana da ladubbansa kamar gaisuwar surukai.

Na koya, ko in ce na ɗauka na koya. In rubuta maganata tsaf, in kai aya, sannan in ajiye 'yar fuskar a ƙarshe inda na saba sa hannu. A cikin motar haya ta Kubwa nake yin yawancinsa, a matse tsakanin mutane, hawaye na zubo mini ina tura wa baƙi fuska mai dariya. Akwai ranar da wata mata kusa da ni ta leƙa wayar, ta dubi fuskata, ta kau da kai.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda shafin ya ƙara cika da raha a lokacin. Musamman wata mata daga Karu, 'yar Filato, mai sayen cincin duk mako don 'yan cocinsu. Kullum sai ta zo da tsokana. Yau ta ce alkakin ya sa ɗinkinta ya matse, gobe ta ce za ta kai ƙara wurin mijinta, LOL, da jerin fuskoki masu dariya. Wasu su biyo bayanta, a yi ta yi. Da yamma in zauna a bakin gado in karanta wa ƙanwata ɗaya bayan ɗaya, har da fuskokin nake faɗa mata: wannan mai dariya uku ta sa, wannan mai rufe ido da hannu. Ta lumshe ido tana murmushi, leɓenta duk ya bushe. Wani lokaci ta ce, "Kin gani ko? Ba su gane ba. Yaya, kin zama 'yar gari." Wannan ne kaɗai lokacin da nake ganin ta kamar da, kuma saboda shi nake jure sauran yinin.

Ta rasu ranar wata Asabar da hantsi, Inna na riƙe da hannunta.

Sanarwar da muryata na rubuta ta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, cikakke, ba fuska ba zuciya. Kafin la'asar saƙonni sun cika shafin, RIP, RIP, da fuskoki masu hawaye kamar famfo. Raina ya ɓaci ƙwarai. Yarinyar da ta san sunan 'ya'yansu, a ce haruffa uku ne rabonta? Na kife wayar na ce ba zan amsa wa kowa ba. Inna ta ce wanda ya zo gaisuwa ba a duba girman bakinsa, in amsa. Na ce to, amma ban amsa ba.

Ana cikin zaman makoki a gidan na Kubwa sai ga wata mata doguwa ta yi sallama, ta yafa gyale a ka yadda wanda bai saba ba yake yafawa. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta yi ta'aziyya da Hausarta ta 'yan Abuja, sannan ta dube ni ta ce ita ce ta Karu. Na fara ba ta haƙuri, na ce akwai abin da ya kamata ta sani, watannin nan ba da ƙanwata take hira ba.

Ta ce, "Aunty, mun sani. Tun farko mun sani."

Na ce ta yaya?

"Ita da fuska yake fara magana. Kullum smile ne first, kafin ya ce komai, kamar mutum ya buɗe maka ƙofa. Ke kuma sai kin gama magana kike sa shi a baya. Da na gani na kira wasu customers, muka ce something is wrong. Mai kawo kaya ya ce madam tana asibiti. Sai muka ce tunda ba ta faɗa ba, ba ta so a sani ne. To mu yi ta ba ta dariya."

Ta ce akwai ranar da take rubuta zancen ɗinkin da ya matse tana kuka, har 'yarta ta tambaye ta ko wani ne ya mutu. A cocinsu ma sun sa ƙanwata a addu'a, ba tare da sun faɗi suna ba.

Ban san lokacin da na kama hannunta ba. Ni da nake ganin ni kaɗai ke ɗauke da sirrin nan a motar haya, ashe mata da yawa ne a Karu da Kubwa da cikin gari suke riƙe da shi tare da ni, kowacce da wayarta, suna turo dariya don wata da ba su taɓa gani ba ta samu wurin da ba a ce mata sannu. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Inna ce ta ce, "Allah ya yi muku albarka," ta yi ta maimaitawa.

Da matar ta tafi na ɗauko wayar na buɗe saƙonnin da na ƙi amsawa. Na fara daga na farko, wata da ta rubuta RIP kawai. Na duba baya na ga tana cikin masu tsokanar nan na kowace yamma. Na tsaya ina kallon wurin rubutu, sannan na sa 'yar fuskar a gaba yadda ƙanwata take yi, na rubuta mata: ƙanwata ta tafi ba ta san kun sani ba, mun gode.